Kwana goma a kurmin Bung Wai, inda ake koyon zama da tsoro

Jirgin ƙasa na dare ne ya ɗauko ni daga Bankok, gari na wayewa muka shiga tashar Ubon Rachatani, can arewa maso gabashin Tailan, yankin da suke kira Isan. Tafiyar kilomita 575 ce. Tashar ba a cikin birnin Ubon take ba, tana Warin Chamrap, kudu da kogin Mun, kuma hakan ya yi wa matafiyi daidai, domin gidan zuhudun mabiya addinin Buda da na nufa a wannan ƙetaren yake. Motar haya ba ta yi rabin awa ba. Watan Disamba ne, an gama girbin shinkafa, gonaki fayau hagu da dama, sai ga wani kurmi tsaye shi kaɗai a tsakiyarsu, baƙi ƙirin. Wat Pa Nanachat ke nan, a gefen ƙauyen Bung Wai.

Tsoro ne ya hana gatari taɓa wannan kurmi. A nan mutanen ƙauyen suke ƙona gawarwakinsu, kuma a Isan maganar fatalwa ba abin wasa ba ce. A 1975 wasu almajiran wani babban malamin zuhudu ɗan Tailan mai suna Ajan Cha, ’yan ƙasashen waje, suka yada zango a cikinsa, mutanen ƙauye suka roƙe su da su zauna. Ajan Cha ya amince, ya ɗora Ajan Sumedo, Ba’amurke, a kan shugabancin wurin, aka mai da shi gidan horar da baƙi da Turanci. Ajan dai malam yake nufi. Su kuma masu zuhudun ana ce musu bikku, wato wanda ke rayuwa da abin da aka zuba masa a ƙwaryar bara. Dokoki 227 ne a kansu, ciki har da hana taɓa kuɗi.

Ba a faɗowa wurin kawai. Wanda zai kwana sai ya rubuto tun da wuri ya nemi izini, don wurin kwana kaɗan ne. Ba a biyan ko kwabo. Abin da ake biya shi ne alkawari takwas: ba kashe rai ko da na sauro ne, ba ɗaukar abin da ba a ba ka ba, ba jima’i, ba ƙarya, ba kayan maye, ba cin abinci bayan tsakar rana, ba kiɗa da rawa da ado da turare, ba kwanciya a gadon alfarma. Namiji fararen kaya yake sawa. Idan zai daɗe sai ya aske kai da gira, sannan a ba shi kuti, ɗan ɗakin katako a kan ƙafafu, can cikin itatuwa inda ba ya hangen maƙwabcinsa. Akwai abu ɗaya da ya kamata a sani kafin a taso: safe da yamma ana rusunawa gaban gunkin Buda, ana rera karatunsu da harshen Pali. Wanda addininsa bai yarda da wannan ba, sai ya faɗa a wasiƙarsa, ko kuma ya zo da safe ya saurara ya wuce, kamar yadda masu ziyara ke yi.

Ƙararrawa ƙarfe uku na dare. Uku da rabi kowa yana babban zaure. Da asuba bikku su fita bara ba takalmi, baƙi su ɗauki tsintsiya. Wajen ƙarfe takwas a ci abinci, sau ɗaya tak a yini, kuma shinkafa mai danƙo ta Isan ce ke riƙe ciki. Da la’asar aikin gayya, sannan a sha wani abu, da magariba a koma zaure. Sauran lokacin naka ne da kutinka da hanyar zirga-zirgarka.

A cikin zauren akwai kwarangwal ɗin mutum a akwatin gilashi, tsaye inda kowa zai gan shi. Ba ado ba ne, kayan karatu ne.

Mukan fassara abin da ake yi a nan da zuzzurfan tunani, kuma fassarar tana ɓatar da mai koyo tun daga ƙofa. Kalmarsu ita ce bhawana, ma’anarta ta fi kusa da raino ko noma: ka shuka hali, ka yi masa ban ruwa kullum. Ba tunani ake ƙarawa ba, lura ake koyo. Kuma abin da na fahimta a kwana goman nan shi ne, a wannan makaranta fuskantar tsoro da renon tausayi ba darasi biyu ba ne. Aiki ɗaya ne, amma yana da jeri, kuma wanda ya tsallake matakin farko yakan sha wahala a na biyu.

Matakin farko numfashi ne. Ka zauna a ƙasa, ka ɗaga mazaunai da matashi kamar tsayin yatsu huɗu don gwiwoyi su sauka, ƙafar dama kan ta hagu, hannun dama kan na hagu, baya a miƙe ba a sandare ba. Ka ja dogon numfashi sau uku, sannan ka sake shi ya yi yadda ya ga dama. Hankali ya tsaya a bakin hanci, inda iska ke taɓawa. A al’adar dajin Tailan ana haɗa shi da kalma: “Bud” in iska ta shiga, “dho” in ta fita. Wanda ya fi son ƙidaya ya ƙirga, amma kada ya tsaya ƙasa da biyar, kada ya wuce goma. Ƙasa da biyar zuciya takan ƙuntata, sama da goma hankali yakan koma kan lissafi ya bar numfashin. Minti ashirin ya ishi mai farawa, a hankali ya kai arba’in da biyar.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne sarrafa numfashin da ƙarfi. Alamarsa ciwon goshi da nauyin ƙirji. Maganinsa a mai da hankali kan jiki gaba ɗaya na ɗan lokaci, a ji nauyinsa a kan tabarma, sannan a dawo. Na biyu gyangyaɗi, musamman ƙarfe huɗu na asuba da bayan cin abinci. Nan a buɗe ido, in bai yi ba a tashi a taka.

Takawar ita ce zuciyar lamarin, kuma a kanta tsoro ke zuwa. Gaban kowane kuti akwai hanya miƙaƙƙiya, taku ashirin zuwa talatin, a share take tas. Ana haɗa hannu a gaba, ido a ƙasa kamar taku biyu, hankali a tafin ƙafa. A kai ƙarshe, a tsaya, a juya, a dawo. Da rana abu ne mai sauƙi. Da dare kuwa, kyandir ɗaya a wannan kai ɗaya a wancan, kurmi ya rufe ka ta ko’ina, kuma ka san abin da aka yi shekaru ana yi a ƙasar da kake takawa. Lokacin rani busassun ganye suna ƙara wa komai girma. Ƙadangare ya gifta ka ji kamar takun mutum. Akwai wata babbar tsaka da ke kwana a rufin kuti, kukanta kamar wani ya kira ka da suna. An ce tsoro na daji, kunya na gida. A nan an ɗauki maganar da gaske, shi ya sa aka kawo makarantar cikin dajin.

Ƙa’idar da suke bi tsohuwa ce, tana cikin wani jawabi na Buda da ake kira Bayaberawa, wato tsoro da firgici. Ya ba da labarin yadda, kafin ya kai ga abin da yake nema, yake zuwa wuraren ban tsoro na daji a wasu darare na wata. Dabba ta motsa, ko ɗawisu ya karya reshe, ko iska ta kaɗa ganye, sai ya ce ga abin nan ya zo. Sai ya yanke wa kansa hukunci: a yanayin da tsoro ya same shi, a nan zai tsaya har ya lafa. In yana tafiya ne, ba zai tsaya ba, ba zai zauna ba, ba zai kwanta ba. In a zaune ne, ba zai tashi ba. Hikimar a fili take. Duk lokacin da ka gudu ka ji sauƙi, ka koya wa jikinka cewa gudun ne ya cece ka, gobe tsoron ya dawo da ƙarfinsa har da ƙari.

Amma kafin wannan ƙa’ida akwai tocila. A kurmin akwai macizai masu dafi, da kunama, da shanshani, da rundunar tururuwa mai cizo. Ba wanda ke tafiya da dare ba haske, kuma ana kakkaɓe takalmi kafin a sa. In ka ji motsi, ka haska sau ɗaya, ka duba da kyau. In maciji ne ka tsaya cik ya wuce, ko ka ja da baya a hankali. In ba komai, ka kashe tocilar kada ka sake kunnawa don wannan motsin. Haskawa ta biyu da ta uku ba tsaro ba ne, ciyar da tsoro ne.

Daga nan aikin ya fara. Ka ci gaba da takunka yadda yake, ba sauri. Sai ka rarraba abin da ya dunƙule maka wuri ɗaya, domin abu uku ne: sautin da kunne ya ji, hoton da zuciya ta zana, da abin da jiki ke yi. Sautin ya riga ya wuce. Hoton kuwa shi ne mai hura wuta, kuma ba a gardama da shi, don duk hujjar da ka kawo zai kawo wadda ta fi ta. Na ukun ake kamawa. Ina tsoron yake a jiki yanzu? Ciki ya ɗaure, zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe, tsikar bayan wuya ta tashi. Ka zaɓi wanda ya fi ƙarfi ka zuba masa hankali kamar yadda ka saba yi wa numfashi: faɗinsa, zafinsa, ko yana motsi. Ka ambaci sunansa a zuci, “tsoro, tsoro”, a hankali, ba da tsawa ba. In numfashi ya guntule, ka tsawaita fitar da iska sau uku ko huɗu, wannan yana rage bugun zuciya, sannan ka sake shi. Abin da ake so ka gani da kanka shi ne tsoro ba dutse ba ne. Yana hawa, ya kai ƙololuwa, ya sauka, wani ya biyo baya. A daren da na fi jin sa, sau huɗu ya taso cikin awa guda, na huɗun bai kai rabin na farko ba.

Inda ake ɓata aikin wuri biyu ne. Na farko, mutum ya riƙa kallon tsoron don ya tafi, yana duba ko ya ragu. Wannan ƙiyayya ce a ɓoye, kuma jiki yana gane ta, sai ya ƙara ɗaurewa. Na biyu, jarumtar da ta wuce kima: wanda bai iya minti goma a kan numfashi ba ya ce sai ya kwana a maƙona. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma mai ɗauke da tabon yaƙi ko fyaɗe ko mummunan haɗari ba irin wannan tsoron na ganye yake fama da shi ba. In abin da ya faru da shi ya dawo kamar yanzu yake faruwa, ko ya ji ya rabu da jikinsa, ba dauriya ake so ba. Ya buɗe ido, ya kunna haske, ya dafa ƙasa ko itace, ya je inda mutane suke. Irin wannan yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa tare da malami, ba kurmi shi kaɗai ba.

Wata rana na je Wat Nong Pa Pong, uwar gidajen zuhudun almajiran Ajan Cha duka, wadda Ajan Cha ya kafa a 1954 kusa da ƙauyen da aka haife shi a 1918. Tsakaninta da Wat Pa Nanachat bai kai kilomita goma ba. Ya rasu a Janairun 1992, kuma hasumiyar da aka ƙona shi a cikinta tana nan. Shi da kansa ya sha ba da labarin darensa a maƙona lokacin yana matashin bikku mai yawo. Ya kafa laimarsa mai gidan sauro kusa da inda ake ƙona wata gawa. Cikin dare ya ji taku yana zagaya shi, har ya zo gabansa ya tsaya. Tsoro ya cika shi har ba sauran wuri. Sai ya tambayi kansa me yake tsoro, amsa ta zo: mutuwa. Ya sake tambaya ina mutuwar take, sai ya ga a jikinsa take, ko ya gudu tare za su gudu, ko ya zauna tare za su zauna. A nan tsoron ya faɗi. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya zauna a ciki har gari ya waye. Wannan tambayar ita ce matakin ƙarshe, kuma ba ta aiki sai hankali ya riga ya tsaya. In ka yi ta da wuri, sai ta zama wani sabon labarin ban tsoro.

To ina tausayin ya shigo? Ya shigo tun daga tushe. Bayanin da malamansu na dā suka bayar game da karatun metta, wato fatan alheri, shi ne wasu bikku sun je daji don zaman damina, mazauna itatuwan da ba a gani suka riƙa firgita su da mugun gani da ƙara, suka gudo wurin Buda. Bai sauya musu daji ba. Ya koya musu fatan alheri ga duk mai rai, ya mai da su can. Akwai kuma wani karatu da bikkun daji ke yi, wanda aka koyar bayan maciji ya kashe ɗaya daga cikinsu, ana yi wa marasa ƙafa fatan alheri, da masu ƙafa biyu, da masu huɗu, da masu ƙafafu da yawa. Ko mutum bai yarda kalmomi na kare shi daga dafi ba, abin da suke yi wa zuciya ana iya gwada shi a daren farko. Da wuya ka riƙe fatan alheri ga abin da ke motsi a duhu kuma ka riƙe shi a matsayin dodo a lokaci guda. Sai ka tuna shi ma tsoronka yake ji, shi ma ransa yake so.

Jerin da ake bi an tsara shi dalla-dalla a Wisuddimagga, littafin da wani malaminsu, Budagosa, ya rubuta a Siri Lanka a ƙarni na 5. Bayan minti goma na numfashi, ka fara da kanka, da jimloli gajeru uku ko huɗu waɗanda ba za ka riƙa sauyawa ba: in zauna ba gaba, in zauna ba cuta, in zauna ba damuwa, in riƙe kaina cikin sauƙi. Jimla ɗaya ga numfashi ɗaya ko biyu. Farawa da kai ba son kai ba ne, shaida kake kafawa: yadda nake ƙin wahala haka kowa yake ƙin ta. Sai malami ko wanda ya taɓa yi maka alheri, sai aboki, sai wanda ba ruwanka da shi, sai abokin gaba. Minti biyar ga kowa ya isa, kuma ba dole a gama jerin a zama ɗaya ba. Mako guda a kan biyun farko ba ɓata lokaci ba ne.

Akwai mutum biyu da aka hana sa su a jerin, kuma dalilan a aikace suke. Wanda kake sha’awa, don fatan alherin zai rikiɗe ya zama bege ba ka sani ba. Da mamaci, don hankali ba zai samu inda zai tsaya ba, baƙin ciki ne zai taso. Ƙorafin da aka fi yi shi ne “ba na jin komai”. Ba laifi. Niyya ake renon ta, ba ɗumi a ƙirji ba, kuma matse kai don a ji wani abu shi ke kawo gajiya da ƙarya.

Tausayi kansa, karuna, jerinsa daban ne. Ba da kai ko aboki ake farawa ba, da wanda wahalarsa ke fili: majinyaci, mayunwaci, wanda aka yasar. Jimla ɗaya ce, ya rabu da wannan wahala. A nan darasin hanyar dare ke biyan kuɗinsa. Kallon wahalar wani yana tayar da abin nan dai da tsoro ke tayarwa, ciki ya ɗaure, ido ya so kaucewa. Wanda ya koyi tsayawa da nasa zai iya tsayawa da na wani. Wanda bai koya ba, ɗayan biyu ne: ko ya kau da kai, ko ya nutse. Littafin ya ba kowane hali maƙiyi na nesa da na kusa. Na nesa ga tausayi mugunta ce, kowa na gane ta. Na kusa baƙin ciki ne, shi ne mai haɗari don kama da tausayin yake. Yadda ake bambance su: tausayi yana barin ka da ƙarfin tashi ka yi wani abu, baƙin ciki yana barin ka a sanyaye kana kallon ciwon kanka. In ka ga ka zame can, ka koma numfashi, ko ka koma kan wanda ya yi maka alheri har ƙafa ta tsaya.

Abokin gaba shi ne gwaji mai wuya, kuma kada a fara da wanda ya fi cutar da kai, a fara da mai ɗan ɓata rai. In fushi ya taso, a ja baya zuwa mutumin da ya gabata, sannan a sake gwadawa. In ya ƙi, a nemo hali ɗaya mai kyau a tare da shi a riƙe. In ya ƙi, a tuna misalin wanda ya ɗauki garwashi zai jefi wani, hannunsa ne ke fara ƙonewa. In duk bai yi ba, littafin ya ce a ba shi kyauta da hannu. Yi masa fatan alheri ba wanke laifinsa ba ne, ba kuma komawa inda zai sake cutar da kai ba. Akwai ma’aunin da aka bayar na kammala aikin: ku huɗu kuna zaune, kai da aboki da wanda ba ruwanka da shi da maƙiyi, ’yan fashi suka ce a ba su mutum ɗaya. In zuciyarka ta zaɓi wani, da saura. In ta zaɓe ka kai kanka, nan ma da saura. Wannan ɓangaren na ƙarshe ya fi tsaya mini a rai, don yana rufe ƙofar da masu tausayi da yawa ke faɗawa, ta mai da kansu ba komai ba.

A darare huɗu na kowane wata, ranakun ibadarsu, mutanen ƙauye sukan zo da fararen kaya su kwana a zaure, wasu ba sa kwanciya har asuba. Na tarar da ɗaya. Tsofaffin mata manoma suna zaune a kan siminti, baya a miƙe, awa bayan awa, a kurmin da kakanninsu ba sa shiga bayan faɗuwar rana. Da asuba su ne kuma a bakin hanya, durƙushe da kwandunan shinkafa, suna saka loma ɗaya ɗaya a ƙwaryar kowane bikku. Ba mai cewa na gode, ba mai jiran a ce.

Ranar tafiya na share hanyar zirga-zirgar, na kankare narkakken kyandir daga kan duwatsun biyu, na mai da tabarma da gidan sauro. Jirgin rana na hau zuwa Bankok. Wata mata ta shigo taragon da gasasshiyar kaza da shinkafa mai danƙo a tire, tana kiran masu saye. Ban san ta ba, ba kuma zan sake ganinta ba, wato daidai mutum na huɗu a jerin. Na yi minti goma a kan numfashi, biyar a kaina, biyar a kan wanda ya yi mini alheri, biyar a kan aboki, sannan na juya gare ta da jimlolin nan huɗu. Ta sauka a Sisaket.